Uban yaro ya ce na ɓata wa ɗansa bugu: shin in mayar da shi yadda yake?

Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 27, haifaffen Jidda, kuma ina koyar da yara wasan tanis a wani kulob da ke arewacin birnin. Wanda ya yi mini hanyar wannan aiki aminin mahaifina ne, mutumin da nake kira Baba tun ina ƙarami, kuma ɗansa mai shekara 12 yana cikin yaran da nake horarwa. Yaron yana da hannu, bugunsa na dama ya fi na sa'o'insa ƙarfi, amma yana yin sabis, wato bugun da ake fara maki da shi, da riƙon bugun dama. Wata biyu da suka wuce na sauya masa riƙon sabis, na fara taɓa riƙon bugun daman, na kuma gyara masa tsayuwar bugun bayan hannu. Tun daga lokacin ya shiga gasa uku, ana fitar da shi da wuri, kuma yaran da ke doke shi ba abin da suke yi sai mayar da ƙwallo sama-sama. A wasan ƙarshe har kuka ya yi. Baba ya kira ni ya ce gyaran gangar Auzinawa na yi, in mayar da yaron yadda yake ko ya kai shi wurin wani koci. Ba na iya musu da shi, kuma ba na son in cuci yaron. Me zan yi?

Mai horarwa, daga Jidda

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, a kan riƙon sabis kana da gaskiya kuma bai kamata ka janye ba, amma a kan sauran gyare-gyaren biyu, da yadda ka bar yaro ya shiga gasa uku a tsakiyar gyara ba tare da ka zauna da mahaifinsa tun farko ba, Baba yana da hujjar yin fushi. Mutum ya ba ka amanar ɗansa yana cin wasa, bayan wata biyu ya ga ana fitar da shi a ranar farko yana hawaye, kuma babu wanda ya gaya masa cewa haka za ta faru. Duk uban da ya damu da ɗansa abin da zai faɗa ke nan.

Bari mu fara da sabis, domin nan ne nake so ka dage. Ƙotar raket tana da fuska takwas, kuma tsohon riƙon yaron, kamar yadda ka bayyana, yana ɗora gindin yatsa manuni a kan fuska ta uku ko ta huɗu, sai yaro ya ɗaga raket fuskarsa na kallon sama ya tura ƙwallo gaba. Irin wannan sabis yana shiga, shi ya sa yara da iyayensu suke son sa, amma yana da iyakar da ba ya wucewa, kuma ma'aunin fili ne da kansa ya yanka masa ita. Tsayin raga a tsakiya santimita 91.4 ne, daga raga zuwa layin sabis mita 6.40 ne, mai sabis kuma yana tsaye kusan mita 12 daga raga, saboda haka kafin ƙwallo ta tafi a miƙe ta tsallake raga ta faɗa cikin akwatin sabis, sai an buge ta daga tsayin da ya kai kimanin mita 2.6. Ɗan shekara 12 da wuya ya kai nan. Abin da ya rage masa shi ne ko dai ya rage ƙarfi domin nauyin ƙwallo ya sauko da ita, ko kuma ya murza ta ta riƙa juyawa a iska har juyin ya lanƙwaso ta ƙasa. Tsohon riƙon hanya ta farko kaɗai yake ba shi, wato sabis na biyu (wanda ake bugawa idan na farko bai shiga ba) mai laushi wanda yaran shekara 14 za su riƙa shigowa cikin fili suna kashewa. Riƙon kontinental, wanda gindin manuni yake kan fuska ta biyu, shi ne yake barin hannu ya juya daga ciki zuwa waje a lokacin bugu, ya gogi ƙwallo ta gefe ko ta sama, kuma da shi ne dai zai riƙa tare ƙwallo a bakin raga, ya sauke wadda aka ɗaga masa sama, ya kuma yanki ta ƙasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da zai ci maka watanni yanzu zai iya cin shekara guda ko fiye idan yaron ya kai 16 da tsohon riƙo.

Faɗuwar da ta biyo bayan gyaran ba baƙon abu ba ce a wannan wasa. Pete Sampras, ɗan Amurka, yana bugun bayan hannu da hannu biyu har ya kai shekara 14, sannan mai horar da shi ya mayar da shi hannu ɗaya. Ya sha kashi a hannun yaran da a da yake dokewa, matsayinsa a gasannin matasa ya yi ƙasa, amma a 1990, yana da shekara 19, ya ci gasar US Open, daga baya kuma ya ɗauki kofin Wimbledon sau 7. Aryna Sabalenka ta zubar da sabis biyu a jere fiye da sau 400 a shekarar 2022, alhali tana cikin manyan 'yan wasan duniya, sai ta nemi masanin motsin gaɓoɓi ya sake gina mata sabis ɗin, kuma a watan Janairun 2023 ta ci gasar Australian Open. Ban kawo waɗannan sunaye domin ka yi wa Baba alkawarin cewa ɗansa zai zama kamarsu ba, kuma kada ka kuskura ka yi irin wannan alkawari. Na kawo su ne domin ka san cewa koma-baya bayan sauya bugu abu ne da aka sani, wanda ake sanar da iyaye tun kafin a fara.

Inda ka yi gaggawa shi ne buɗe gyara uku a lokaci guda. Yaro yana shiga wasa ne da abin da ya amince da shi, kuma a wurin wannan yaro bugun dama ne abin dogaronsa. Da ka taɓa sabis ka bar masa bugun dama, da ko ya zubar da maki a sabis zai rama da hannun da ya sani. Yanzu kuwa duk ƙwallon da ta zo masa sai ya tsaya tunanin inda yatsansa yake da inda ƙafarsa take, kuma ƙwallo ba ta jiran mai tunani. Shawarata ita ce ka mayar masa da bugun damansa yadda yake daga wannan mako, ka kuma faɗa masa da bakinka cewa bugun nasa mai kyau ne. Idan riƙon yana kan fuska ta huɗu, ba shi da wani aibi, domin da shi mafi yawan ƙwararru suke wasa a yau. Idan ya zarce zuwa ta biyar, to mai yiwuwa ya fara wasa ne yana ƙarami da ƙwallon manya mai tashi sama da kafaɗarsa, sai hannunsa ya zame ƙarƙashin ƙota domin ya iya kaiwa gare ta. Wannan matsala ce ta sa hukumar tanis ta duniya, ITF, ta wajabta tun daga 2012 cewa gasannin yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa a yi su da ƙwallaye masu rangwamen gudu, ja da ruwan lemo da kore, kuma ina fata ƙananan da ke hannunka da su suke koyo. Ko a wannan hali ma ka jinkirta gyaran har sabis ya zauna. A yanzu ka sa ido a kan abu biyu da ba sa rikita yaro: ya yi ɗan tsallen shiri daidai lokacin da abokin wasa yake bugu, kuma ya sadu da ƙwallo a gaban jikinsa tsakanin ƙugu da ƙirji. Yawancin abin da ake gani kamar laifin hannu ne, idan aka duba da kyau, ƙafa ce ta makara.

Shi kuwa sabon sabis, kada ka tsayar da yaro a layin baya ka ce ya yi ta bugawa har ya iya. Ka fara da jifa. Yaranmu na Jidda da Makka da ƙwallon ƙafa suka tashi, da yawansu ba su saba jifa ta saman kafaɗa ba, alhali sabis ɗan'uwan jifa ne. Ka sa shi ya riƙa jefa ƙwallo sama da nisa ta tsallake raga, yana juya kafaɗa, gwiwar hannu tana gaba. Daga nan ya tsaya a layin sabis, ya riƙe raket a tsakiyar ƙota, ya yi amfani da koriyar ƙwallo, ya koyi gogar ta ta gefe har ya ga tana lanƙwasa. Sabis mai yanka ta gefe ya fi sauƙin samuwa da sabon riƙo, kuma ranar da yaro ya ga ƙwallonsa ta karkace ta guje wa abokin wasa, ranar zai daina kewar tsohon riƙonsa. Sai ka riƙa ja da shi baya taki biyu-biyu, ba ka matsar da shi sai ya shigar da bakwai cikin goma. Minti 15 a kowane atisaye ya wadatar, domin kafaɗar yaro mai girma ba ta son ɗaruruwan sabis a rana, balle a zafi da gumin Jidda, inda gajiya take saurin lalata motsi. Ka sa aikin sabis a farkon atisaye, jiki da sauran ƙarfi. Ka ɗauke shi bidiyo da wayarka daga baya da kuma daga gefe, ka nuna masa a hankali, domin yara da yawa suna fara ɗaga raket da sabon riƙo sannan su zame zuwa tsohon a tsakiyar motsi ba tare da sun sani ba. Idan ya fara zama, ka riƙa shirya musu wasan da kowa sabis ɗaya tak yake da shi, domin a nan ne sabis na biyu yake samun ƙarfin zuciya.

Akwai jumla ɗaya a wasiƙarka da ta fi damuna fiye da batun riƙo, inda ka ce yaran da ke doke shi ba abin da suke yi sai mayar da ƙwallo. Ina roƙonka kada yaron ya ji wannan magana daga bakinka. Waɗannan yara sun riga shi fahimtar abu na farko a tanis, wato wanda ya mayar da ƙwallo cikin fili sau ɗaya fiye da abokinsa shi ne ya ci maki, kuma a wasan yara mafi yawan maki kuskure ne yake kawo ƙarshensu. Idan ka raina su a gabansa, zai riƙa fita daga fili yana ganin an zalunce shi, maimakon ya tambayi kansa me ya kamata ya yi dabam. Ina kuma zaton, ka gafarce ni idan na yi kuskure, cewa yawancin atisayenku daga kwando ne, kana jefa masa ƙwallo mai daɗi a wuri ɗaya da tsayi ɗaya yana bugawa. Irin wannan horo yana fitar da bugu mai kyan gani, amma ba ya koya wa yaro zaɓi, kuma a gasa babu mai ba shi ƙwallo mai daɗi.

Ka koya masa fili da lissafinsa. Tsawon fili mita 23.77 ne, faɗinsa a wasan mutum ɗaya mita 8.23, saboda haka bugun da ya tafi a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa yana da tazarar da ta haura mita 25, kusan mita ɗaya da rabi fiye da wanda ya bi gefen layi a miƙe. Bugu da ƙari, na karkace yana bi ta tsakiyar raga inda ta fi gajarta, na miƙe kuwa yana bi ta kusa da turke, inda tsayinta ya doshi mita 1.07. Ma'anar wannan ita ce idan yana cikin matsi ko yana bayan layi, ya mayar da ƙwallo a karkace, da tsayi mai kyau sama da raga, ta faɗi can ciki, kuma kada ya sauya mata hanya sai ta zo masa gajera yana tsaye daram. Akwai atisayen da nake ganin amfaninsa ƙwarai: kafin ƙwallo ta taɓa ƙasa a ɓangarensa, ya faɗa da ƙarfi ko "kare", ko "gina", ko "hari". Da farko zai riƙa kiran hari a kan kusan kowace ƙwallo, kuma a nan ne za ka ga ainihin ciwon, wato yana neman kashe maki daga inda ba a kashewa. Bayan makonni idonsa zai fara rarrabe ƙwallon da ake haƙuri da ita da wadda ake shiga a kai.

Game da masu ɗaga ƙwallo sama, maganinsu a atisaye yake. Ka nemo irin waɗannan yara a kulob ɗinku ka riƙa haɗa shi da su kowane mako, ko kai da kanka ka riƙa yi masa irin wasansu. Ya koyi ja da baya da wuri ya bar ƙwallo ta sauko daidai ƙirjinsa, ya koyi mayar da ita da nata irin tsayin har sau takwas ko goma ba tare da ƙosawa ba, sannan idan ta zo gajera ya buga ta kusurwa ya bi ta zuwa raga. Yaran da suka saba tsayawa can baya galibi ba sa son a jawo su gaba, don haka gajeriyar ƙwallo mai yanka tana fitar da su daga inda suka fi jin daɗi. Kada kuma ka manta da farkon maki: ƙididdigar manyan gasanni ta nuna kusan bakwai cikin goma na maki suna ƙarewa ne a cikin bugu huɗu na farko, wato sabis, da mayar da shi, da bugu ɗaya-ɗaya da ke biye. Ka ware lokaci a kowane atisaye domin sabis da bugun da ke bin sa, da kuma mayar da sabis can ciki ta tsakiya, domin wannan ne ɓangaren da masu horarwa suka fi yi wa rowar lokaci.

Kukan da ya yi kada ya tsorata ka, alama ce ta cewa abin yana ransa. Ka gaya masa abin da gwarzon tanis Roger Federer ya faɗa wa ɗaliban wata jami'a a Amurka a 2024, cewa ya ci kusan kashi 80 cikin 100 na wasanni 1,526 da ya buga, amma kashi 54 kawai na maki ya ci. Yaro ya san cewa zubar da maki kusan rabin wasan ne ko a wurin gwanaye. Ka koya masa abin da zai riƙa yi tsakanin maki da maki: ya juya wa raga baya, ya gyara igiyoyin raket, ya ja numfashi, ya yanke inda zai aika sabis kafin ya tsaya a layi.

Saura Baba, wanda shi ne ainihin tambayarka. Kada ka yi wannan magana a bakin fili, kada kuma ka yi ta a WhatsApp. Ka je gida bayan sallar isha'i, ka gaishe shi yadda ka saba, ka fara da ba shi haƙuri a kan abin da yake laifinka ne da gaske, wato ka fara babban gyara ba ka shawarce shi ba, kuma ka haɗa abubuwa da yawa. Ka gaya masa ka mayar da bugun dama yadda yake, domin ya ga maganarsa ta yi tasiri. Sannan ka roƙe shi abu ɗaya, ya bar maka sabis na tsawon wata uku, a rage gasa a wannan lokaci, waɗanda za a shiga kuma a auna su da yawan sabis na biyu da ya shiga da yawan ƙwallon da ya mayar, ko an ci ko ba a ci ba. Ka tafi da bidiyon yaron, ka kuma nuna masa na matasan da suka buga gasar Next Gen a nan Jidda, wadda Hamad Medjedovic ya ci a 2023, João Fonseca kuma ya ci a 2024, ka tsayar da hoton daidai lokacin sabis ya dubi yadda suke riƙe ƙota. Dattijo ya fi yarda da abin da idonsa ya gani fiye da bayanin yaron da aka haifa a gabansa. Idan kana jin nauyin ba zai bar ka ka yi magana ba, ka fara sanar da mahaifinka ku je tare, amma bayanin ya fito daga bakinka, domin kai ne mai sana'ar. Zai kuma yi kyau ka ba Baba aiki a ranar gasa: takarda da biro, ya riƙa rubuta yadda kowane maki ya ƙare, a raga ne, ko a waje, ko abokin wasa ne ya kashe. Uban da yake ƙirga yana ganin wasa dabam da uban da yake jiran sakamako kawai, kuma hirar da za su yi a mota a hanyar komawa gida za ta fi sauƙi a kan yaron.

Idan duk da haka ya ce a'a, to ɗansa ne, kuma hukuncin nasa ne. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne ka amsa masa da "to" sannan ka ci gaba da gyaran a ɓoye, domin hakan zai sa yaro tsakanin umarnin uba da na malami, kuma ranar da abin ya fito amanar da ke tsakanin gidajenku ce za ta taɓu. Ka faɗa masa cikin ladabi cewa ba za ka iya koyar da riƙon da ka san zai tsayar da yaron nan gaba ba, kuma idan ya ga ya fi dacewa a kai shi wurin wani, ba za ka riƙe shi a rai ba. In hakan ta faru, ka rubuta wa sabon kocin abin da kuka yi da inda kuka tsaya, ka tura masa bidiyon, ka ci gaba da zuwa gaisuwa gidan Baba kamar da. Kai kuma ka nemi kwasa-kwasan horarwa na hukumar tanis ta Saudiyya da darussan da hukumar tanis ta duniya take bayarwa ta intanet, musamman waɗanda suka shafi tsara horon yara na shekara guda, domin gyara na gaba da za ka yi wa wani yaro ka san watan da za ka fara shi, da gasannin da za a tsallake, da abin da za ka faɗa wa iyayensa tun kafin ka taɓa riƙonsa.